Daga Hanyar Gwarzo Zuwa Daytona: Gudu Ma Yana Da Filinsa

Yau tafiya za mu yi, kuma ba sai kin sauke tukunya ba. Zango uku gare mu. Za mu fara da Masanawa a yammacin Kano, mu tsallaka teku zuwa wani fili a Amurka inda motoci ke zagaye da gudun kilomita 300 a awa guda, sannan mu dawo gida ta Filin Sukuwa. Abin da ya haɗa wuraren nan uku kin san shi, domin yana cikin gidanki. Yana zuciyar ɗanki tun ranar da ya fara gara taya a ƙofar gida yana kukan mota da bakinsa. Son gudu ke nan.

Zangon farko: Masanawa

Ki fita ta Kabuga ki miƙi yamma. Za ki wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ki wuce barikin soja na Janguza, ki shiga ƙasar Rimin Gado. Daga nan benaye sun ƙare, gonaki sun karɓe ido hagu da dama. Wannan titin ne ya bi ta Garo ya kai Gwarzo, wajen kilomita 70 daga birni, sannan ya zarce Dayi a Jihar Katsina. Titi ne da ba ya hutawa. Ga Golf da Sharon maƙil da fasinja, ga tifa ɗauke da yashi, ga motocin hatsi da a-daidaita-sahu, ga amalanken shanu a gefe, ga kuma awakin da babu wanda ya taɓa karanta musu dokar hanya.

Masanawa tana ƙasar Kabo, wadda ke maƙwabtaka da Gwarzo. Kabon nan ce kika sani a jikin jiragen Kabo Air, kamfanin da marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa a 1980. Amma in kin zo, abin da zai tare ki ƙasa ce da noma. Ki zo da kaka ki ga yankin a kan kyansa: an yanke dawa an ɗaure dami, rumbuna sun cika, iskar hunturu ta fara kaɗawa, kukoki sun zubar da ganye sun tsaya tsirara a bakin gonaki. Da hantsi za ki ji taɓarya na amsa wa taɓarya daga gida zuwa gida. Da yamma ƙanshin suyar ƙuli-ƙuli ne zai nuna miki hanya.

Da kaka ne kuɗi ke shiga hannun saurayi. Ya sayar da buhunan da ya noma, ya haɗa da abin da ya tara a cirani, abu na farko da zai saya kuwa babur ne. Kada mu zalunci babur, domin a ƙauye ba kayan ado ba ne. Shi ke ɗauko taki, shi ke kai hatsi kasuwa, shi ke kai yara makaranta. Sau da dama shi ne motar asibitin da ke kawo mana mai naƙuda da tsakar dare. A matsayina na ma'aikaciyar jinya, na karɓi haihuwar da ba don babur ba da sai dai labari.

To amma da kaka ne kuma ake bukukuwa. Na je wani biki na dangi a yankin, na tsaya a ƙofar gida lokacin kai amarya. Motar amarya na gaba, babura kusan ashirin na biye. Wani ya ɗaga ƙafar gaba yana tafiya a kan ta baya. Wani ya saki hannu biyu yana tafi. Wani ya goya abokansa biyu, na ƙarshen ya juya baya yana ɗaukar bidiyo. Ƙura ta turnuƙe, 'yan mata na guɗa, ƙananan yara na gudu a gefen hanya suna son su kai kusa. Na ƙirga kawunan nan ɗaya bayan ɗaya, babu mai hular kwano ko guda.

Bayan isha'i na tarar da samarin sun kewaye waya ɗaya a dakali. Ɗan yayata ya miƙo mini ita yana cewa, "Anti, zo ki ga maza." Guntun bidiyo ne na daƙiƙa talatin: motoci masu launi kala-kala, manne da juna kamar jerin tururuwa, suna shan kwana da gudun da ido ba ya iya bi. Sai ɗaya ta tashi sama ta wuntsila, tartsatsi ko'ina, can sai ga direban ya fito yana ɗaga hannu. Samarin suka sa ihu. Darasin da suka ɗauka a fili yake: namiji yana gudu, ya faɗi, ya tashi ya kakkaɓe riga.

Kallon kitse suke wa rogo. Zo mu je inda aka ɗauki bidiyon, ki ga abin da daƙiƙa talatin ba ta nuna musu ba.

Zango na biyu: Daytona

Daytona gari ne a bakin teku, a Jihar Fulorida ta Amurka. Sunan da Amurkawa suka ba irin wannan tsere yana nufin motar da aka ɗauko daga wurin dillali, irin wadda kowa zai iya saya ya hau. Asalinsa ba abin alfahari ba ne. A kudancin ƙasar, masu fasa-ƙwaurin barasa ne suka riƙa gyara injin motocinsu don su tsere wa 'yan sanda da dare. Daga baya suka fara gardamar wa ya fi wani, suna gwadawa a filayen turɓaya. A Daytona kuwa a kan rairayin bakin teku ake yi. Ganganci ne irin na titi, babu tsari, wani lokaci ma mai shirya gasar ya gudu da kuɗin.

Wani bakanike mai suna Bill France ne ya tara su ya kafa hukumar NASCAR a 1948, aka rubuta dokoki. A 1959 ya buɗe babban filin Daytona, aka ɗauke tseren daga bakin teku aka sa shi cikin shinge. Ki riƙe wannan, domin shi ne ginshiƙin maganarmu: ba su iya kashe son gudu a zukatan samarinsu ba, sai suka gina masa gida.

Filin siffar ƙwai gare shi, zagaye ɗaya kilomita 4 ne. Kwanoninsa a jingine suke kamar gefen akushi, karkatar digiri 31, har mutum da ƙyar yake iya hawa a tsaye. Kin san yadda hatsi ke bin gefen ƙwarya in kina rairaya, yana zagayawa bai zube ba? Haka karkatar nan ke riƙe mota a kwana. Ƙasar da aka tara aka yi wannan tudu daga tsakiyar filin aka haƙo ta, ramin ya zama tafki, yana nan har yau. Kujerun 'yan kallo sun haura dubu ɗari.

Kowace shekara a watan Fabrairu ake babbar gasar da ake kira Daytona 500. Motoci kimanin 40 ne ke zagaya filin sau 200, wato kilomita 800 da 'yan kai, kusan tafiyar Kano zuwa Abuja da dawowa, cikin awa uku da wani abu. A gasar farko ta 1959 motoci biyu sun iso layi kusan tare, sai da aka kwana uku ana duba hotuna kafin a tabbatar Lee Petty ne ya ci. Ɗansa Richard Petty ya zo ya ci gasar sau bakwai.

Yanzu ki matso kusa da motar. A ido kamar ta gida, amma kwaskwarima ce kawai. Fitilun gaba hoto ne aka manna. Ƙofar ba ta buɗewa, ta taga direba ke shiga, sannan a rufe tagar da raga don kada hannu ko kai su fito in mota ta kife. A ciki keji ne na bututun ƙarfe ya kewaye shi. Kujerar daidai jikinsa aka ƙera ta, bel kuma ya ɗaure kafaɗu da ƙugu da tsakanin cinyoyi. Rigarsa da safar hannunsa da takalminsa duk na kare wuta ne. Kansa na cikin hular kwano mai rufe har haɓa. Babu fasinja, balle goyo.

Ki ɗaga kai ki dubi hanyar. Kowa gefe ɗaya ya nufa, kullum kwanar hagu, babu mai tahowa ta gaba. Babu akuya, babu amalanke, babu yarinya mai tsallakawa da allon Islamiyya. Dogon shingen waya ya raba motoci da 'yan kallo. A can saman rumfa kowane direba yana da mutuminsa da ke hango masa hanya, yana faɗa masa a kunne ta rediyo: akwai mota a damanka, an yi karo a gaba, sassauta. In aka ɗaga tuta rawaya, kowa zai rage gudu ya bi bayan motar hukuma a layi, babu mai wuce wani. In ja ce, tsayawa cak. Ruwan sama ya sauko a Daytona, an dakatar da gasa, ko da kuwa za a kai gobe. Ana yi wa direbobi da ma'aikatansu gwajin ƙwaya ba tare da sanarwa ba. Wanda bai kai shekara 18 ba, ba ya shiga babban rukuni komai gwanintarsa.

Akwai layin da motoci ke shiga a canza musu taya huɗu a zuba mai cikin daƙiƙa goma da ɗoriya. Nan ne kaɗai mutane ke tsaye a ƙasa kusa da mota, saboda haka nan an ƙayyade gudu. A Daytona ƙasa da kilomita 90 ne, a ƙananan filaye wajen 50. Wanda ya ɗara, hukunci. An sa dokar ne bayan mota ta kashe wani mai canza taya a filin Atlanta a 1990. Masu canza tayar su ma da hular kwano suke aiki.

Wani abin da zai ba samarinmu mamaki shi ne, masu gasar da kansu suke rage wa motocin ƙarfi. A 1987, a filin Talladega na Jihar Alabama, Bill Elliott ya yi zagaye da gudun kilomita 342 a awa. A wannan gasar motar Bobby Allison ta tashi sama ta yage shingen da ke gaban 'yan kallo, wasu suka ji rauni. Daga 1988 aka tilasta sanya wani faranti mai ƙananan huji da ke rage iskar da ke shiga inji, kuma har yau ana daƙile injin a waɗannan filaye biyu. Mutanen da gudu ne abincinsu, su ne suka ce ya isa haka.

Duk da haka sun sha kuka kafin su kai inda suke. Ranar 18 ga Fabrairu, 2001, a zagayen ƙarshe na Daytona 500, motar Dale Earnhardt ta daki bango. Gwarzo ne a wurinsu, ya ci kambun shekara sau bakwai, yana da shekara 49. A talabijin karon bai yi kama da mai muni ba, motar ko kifewa ba ta yi ba. Ɗansa na cikinsa yana gabansa a tseren, shi ya zo na biyu. Amma Earnhardt bai fito ba. Kansa ya fizgu da ƙarfi, gindin ƙoƙon kai ya karye.

Ba su ce kwana ne ya ƙare suka yi shiru ba. Kafin shekarar ta fita, an wajabta wa kowane direba sanya wani abu mai kama da karkiya, da ke zama a kafaɗa a ɗaure shi da hular kwano, ya hana kai fizgewa. Aka bi bangon filaye aka yi masa rigar bututun ƙarfe da soso mai tauri a baya, don bango ya shanye bugun. Tun daga ranar har yau, babu direban da ya sake mutuwa a karon gasa a manyan rukunai uku na NASCAR.

A gasar 2020, motar Ryan Newman ta kife a daidai layin ƙarshe, wata ta dake ta a gefen direba, ta ja a kan rufinta tana wuta. Cikin daƙiƙoƙi ma'aikatan ceto sun iso, domin a cikin filin suke jira, da likitoci da ɗakin jinya. Bayan kwana biyu ya fito daga asibiti da ƙafarsa, riƙe da hannun 'ya'yansa mata biyu. A dokarsu, duk direban da ya yi karo bai iya tuƙo motarsa ta dawo ba, dole ya shiga motar asibiti likita ya duba shi, ko da yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau.

Wannan shi ne abin da ke bayan ɗaga hannun da samarin Masanawa suka yi wa ihu. Sun kwafi gudun, sun bar keji da raga da karkiya da likita a can.

Zango na uku: Filin Sukuwa

Kada ki ce wannan hikimar Turawa ce. Mu dawo Kano, unguwar Nasarawa, mu tsaya a Filin Sukuwa. Shi ma zagaye ne, an tsara shi tun zamanin mulkin mallaka don tseren dawaki, ko da yake yau 'yan ƙwallo da masu motsa jiki ma sun samu wuri a cikinsa. Sukuwa kuwa ta riga Bature zuwa ƙasar Hausa, kuma har gobe ana yin ta a Katsina da Sakkwato, ana yi a Maraɗi da Yamai. In kin taɓa kallo, za ki ga tsarin ya yi kama da na Daytona. Dawaki gefe ɗaya suke nufa. Ana raba su rukuni-rukuni, ba a haɗa ɗan Sudan da ƙaramin dokin gida. Akwai alƙalai, akwai wurin tashi da wurin tsayawa, 'yan kallo kuma suna waje. Mahayi yakan faɗi, haɗari bai ƙare ba, amma ba a sako dokin cikin kasuwa ba.

Ki tuna kuma da jafi a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe. Sai an share fili tukuna. Mahaya su sako dawaki a guje kamar za su haye rumfar Sarki, sai su ja linzami su tsaya cak, su ɗaga hannu su yi jinjina. Me jama'a ke yi wa sowa? Tsayawar nan. Kowane yaro zai iya sakin linzami, gwani shi ne mai iya riƙe shi. Kakanninmu sun san jinin saurayi yana tafasa, sai suka ba shi rana da fili da shugaba.

Da inji ya zo, ba mu yi masa irin wannan tanadin ba. A Kano babu filin da aka gina don tseren mota ko babur. Saboda haka ɗan mai hali a birni yana juya motar gidansu a kan kwalta har taya ta yi hayaƙi, ɗan manomi a ƙauye yana ɗaga ƙafar babur a hanyar kai amarya. Kusan kowace sallah rundunar 'yan sandan jiha tana gargaɗi a kan tseren mota da kilisa a tituna. Gargaɗin daidai ne. Sai dai ruwan da aka tare ba a yi masa magudana ba, gidan maƙwabci yake shiga.

Abin da muke gani a ɗakin gaggawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe mutum kimanin miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wato 'ya'yanmu, daga ɗan firamare zuwa ango.

Lissafin gudu ba ya tausayi. In aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin bugu sau huɗu yake ninkuwa. Karo a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kamar saman bene mai hawa uku. A gudun 100, tsayin ya koma mita 40. A wannan gudun, abin hawa yana cin mita 28 cikin daƙiƙa ɗaya, wato kafin ɗanki ya gama ganin akuyar, ya riga ya iso ta.

Ƙafa in ta karye, akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, shekara ɗaya da filin Daytona. Ƙashi yana haɗewa. Ƙwaƙwalwa ce ba ta da ɗori. Kuma daga ƙauyukan Kabo da Gwarzo, wanda kansa ya bugu sosai sai an dangana da manyan asibitocin Kano kafin a samu hoton kai da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. Direban Daytona daƙiƙoƙi ke tsakaninsa da likita. Ɗanmu sai an nemo mota, an haɗa kuɗin mai, an yi tafiyar awa guda ko fiye.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne yaron da ya faɗi, ya tashi yana dariya, ya koma gida ya ci tuwo ya kwanta. Jini na taruwa a hankali a cikin ƙoƙon kansa, babu wanda ya sani. Da asuba aka tashe shi bai tashi ba. Don haka ki riƙe waɗannan alamomi bayan duk wani bugun kai: amai, barcin da ya wuce kima ko wahalar tashi, ciwon kai mai ƙaruwa, ruɗewa ko maimaita tambaya ɗaya, jijjiga, jini ko ruwa-ruwa daga kunne ko hanci, raunin hannu ko ƙafa a gefe ɗaya. Ko ɗaya kika gani, asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba. Wanda ya suma ko na ɗan lokaci ne, a kai shi a duba shi ko da ya farfaɗo.

In kuma a gabanki aka yi haɗarin, kada a ja shi ta hannu ko a ɗauke shi kamar buhu. Mutum ɗaya ya riƙe kai da wuya a miƙe, a ɗora shi a kan abu mai tauri kamar ƙyauren ƙofa. Kada a ɗura masa ruwa. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. Karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce, kada a fara da mai ɗori. Ki ajiye lamba 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra da 112 ta agajin gaggawa a wayarki yau.

Abin da ke hannunki

Za ki ce, ni da ko hawa babur sai an riƙe ni, me zan iya? Da yawa. Sau nawa kuɗin adashinki ko na akuyarki ke cika kuɗin babur ɗin nan? To ki sa sharaɗi tun kafin ki miƙa: babur da hular kwano tare za su shigo gidan nan, biyu, ta mai tuƙi da ta wanda zai goya. Mai kyau, mai rufe kunne, kuma a ɗaure igiyar haɓa, domin wadda ba a ɗaure ba ita ke fara tashi. Kin tuna 2009, da aka fara tilasta hular kwano, wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai? An yi dariya a lokacin. Kwalta kuwa ba ta karɓar ƙwarya.

Mukulli kada ya shiga hannun yaron da bai kai 18 ba, ko da aiken cefane ne. In NASCAR ba ta yarda da ɗan shekara 15 a babbar gasarta ba, duk da keji da likita, ke me zai sa ki yarda da shi a hanyar Gwarzo tsakanin tifa da tirela? Ki lura da idonsa da maganarsa in zai fita biki, domin ƙwaya da sitiyari ba sa zama inuwa ɗaya. In bikin gidanki ne, ke ce uwar biki. Ki faɗa wa abokan ango tun ranar sa lalle cewa duk wanda zai yi wasa da babur kada ya raka miki 'ya. Ƙananan yara kuma a tsare su cikin gida har ayarin ya wuce, domin su ne 'yan kallon da ba su da shinge.

In ya ce miki komai ƙaddara ce, ki amsa masa da abin da malamai suka koya mana, a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. In ya ce hular kwano ta matsorata ce, ki karɓi wayar tasa, ki tsayar da bidiyon a daidai inda direban ke fitowa, ki ce ya ƙirga miki abin da ke jikin mutumin daga kai zuwa ƙafa. Kada ki zage shi don yana son gudu. Ki nuna masa cewa mazan da yake yabo sun fi kowa tsoron karyewar wuya.

Akwai kuma maganar da ta fi ƙarfin gida ɗaya. Ku kai ta taron mata, ku sa maigida ya kai ta majalisar mai unguwa da dagaci. Bayan girbi fili ba ya wuya a ƙasar Kabo da Gwarzo. Garin da ya iya ware filin ƙwallo zai iya ware wa samari fili nesa da titi da gidaje, a sa rana, a ja igiya tsakanin masu kallo da masu hawa, a ce babu shiga sai da hular kwano, babu goyo, babu ƙaramin yaro, a ajiye mota da ma'aikacin lafiya a gefe, kuma duk wanda aka kama yana wasa a titi an cire shi. Daytona ma daga rairayi ta fara.

Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Saurayi ba ya son jin wannan, amma yana jin muryar uwarsa ko da ya nuna bai ji ba. Yau da daddare, in ya shigo ya jingine babur a zaure, ki tambaye shi ina hularsa. Allah Ya tsare mana su a fita da dawowa, Ya sa su ne za su yi mana rakiya, ba mu za mu yi musu ba.